Shin da gaske shekara 15 ne hukuncin wanda aka kama da ƙwaya a aljihu?

Kawun_Yara: Assalamu alaikum warahmatullah. Ina roƙon masana shari'a da ke wannan zaure su fitar da ni daga duhu, domin yau kwana huɗu ke nan babu mai runtsawa a gidanmu. Ɗan yayata ne, yaro ɗan shekara 22 da ke koyon ɗinki, jami'ai suka kai samame wani kango da samari ke zama bayan sallar isha'i, suka haɗa da shi. Da aka caje shi, an sami ƙulli biyu na tabar wiwi da rabin katin Tramol a aljihun wandonsa. Ba zan tsaya ina wanke shi ba, domin mun daɗe muna ganin alama a idonsa da kuma yadda yake gyangyaɗi a kan keken ɗinki da rana tsaka, kuma shi da bakinsa ya gaya wa mahaifiyarsa cewa kayan nasa ne. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne wani maƙwabcinmu ya ce mafi ƙarancin hukuncin wannan laifi ɗaurin shekara 15 ne, alhali a layinmu akwai wanda aka kama da abin da ya ninka wannan sau da yawa, kuma ko shekara bai yi ba muka gan shi ya dawo yana zama a majalisa. Wanne ne gaskiya a ciki? Sannan shin doka ta bambanta mai sha da mai sayarwa?

Baristan_Zaure: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya kawo mafita, ya kuma shirya mana zuri'a. Maƙwabcinku bai yi ƙarya ba, kuma abin da kuka gani a layinku shi ma haka yake faruwa. Dokar da ta kafa hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, wadda aka fara yi a matsayin dokar soja mai lamba 48 ta 1989, ta ce a sashe na 19 duk wanda ya mallaki hodar iblis ko LSD ko heroin ko makamantansu, da saninsa kuma ba tare da izinin doka ba, za a ɗaure shi abin da bai gaza shekara 15 ba kuma bai wuce 25 ba. Sashe na 11 kuwa shi ya tanadi ɗaurin rai-da-rai ga mai shigowa da su, da mai nomawa, da mai safara, da mai saye da sayarwa. A nan ka ga an bambanta mai riƙewa da mai sayarwa. Inda dokar ta bar giɓi shi ne ba ta faɗi adadi ba, wato mai ƙulli biyu da mai buhu ashirin duk ana iya tuhumar su a ƙarƙashin sashe ɗaya. Saboda haka nauyin ya koma kan alƙali, kuma a aikace alƙalan Babbar Kotun Tarayya, wadda ita kaɗai ce ke da hurumin sauraren waɗannan laifuffuka, sukan dubi yawan kayan, da ko karon farko ne, da ko mutum ya amsa laifinsa bai ɓata wa kotu lokaci ba, su yanke watanni ko shekara ɗaya zuwa biyu, wani lokaci har da zaɓin biyan tara. Akwai lauyoyin da ke ganin alƙali ba shi da ikon sauka ƙasa da abin da majalisa ta ƙayyade, kuma ana ta jayayya a kan haka, amma abin da ke gudana a kotunan kullum shi ne wanda na faɗa maka.

Sadauki_Kurna: Barista, a gafarce ni. A jerin da ka kawo ban ji an ambaci wiwi ko Tramol ba. Ta yaya za a hukunta mutum da sashen da bai ambaci abin da aka kama shi da shi ba?

Baristan_Zaure: Tambayarka tana kan hanya, kuma an daɗe da yin ta a gaban kotu. Amsar tana cikin kalmar "makamantansu". A shari'ar Okewu ta 2012 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa tabar wiwi ta shiga cikin wannan kalma, don haka ƙofar ta rufe. Akwai kuma tsohuwar dokar tabar wiwi ta 1966, wadda bayan gyaran da aka yi mata ta tanadi aƙalla shekara huɗu ga mai sha ko mai riƙewa, sai dai masu gabatar da ƙara sun fi dogara da dokar NDLEA. Abin da ya wajaba su tabbatar wa kotu shi ne an sami abin a hannun mutum ko a inda yake da iko da shi, ya san yana nan, ba shi da izini, sannan gwajin ɗakin bincike ya nuna lallai haramtaccen abin ne. Idan ɗaya ya faɗi, tuhumar ta raunana ƙwarai.

Hajiya_Mai_Magani: Ni ma'aikaciyar harhaɗa magunguna ce, kuma ina so in ƙara wani abu a kan maganar izini da Barista ya yi. Tramadol, wato Tramol ɗin da ake magana, magani ne halastacce da likitoci ke rubuta wa masu matsanancin ciwo, kuma wanda hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta amince da shi shi ne mai ƙarfin miligiram 50 da mai 100. Waɗanda ke yawo a hannun samari, masu 200 da 225 da 250, ba a yi musu rajista ba, ta ɓarauniyar hanya suke shigowa. Don haka Kawun_Yara, idan kun sami ganin katin, ku duba lambar da ke bayansa, domin ita ce za ta nuna ko daga kantin magani ya fito ko daga hannun dila. Abu na biyu, wanda ya fi damuna a daren nan, shi ne lafiyar yaron. Wanda ya daɗe yana shan Tramol idan aka yanke masa farat ɗaya, yakan shiga zufa da ciwon gaɓoɓi da gudawa da rashin barci, wani har ya riƙa ganin abin da babu shi. Ku sanar da masu tsare da shi cewa yana sha, kada kunya ta sa ku ɓoye, domin su san halin da zai iya shiga.

Uwar_Marayu: Ku yi haƙuri da abin da zan faɗa, ni ban ga laifin dokar ba, laifin masu sassauta ta nake gani. Ɗana na fari ya fara da maganin tari mai kodin yana aji biyar na sakandare, a lokacin ana sayar da kwalbar kamar ruwan leda. Mun kai shi asibiti, mun kai shi wurin malamai, na sayar da gonar gadona a kansa, daga ƙarshe wata safiya aka tsince shi a bayan wata makaranta, rai ya yi halinsa. Mutumin da ke sayar musu an kama shi sau biyu a sanina, kuma duk sau biyun ya dawo ya buɗe shagonsa, har yakan gaishe ni idan na wuce. Ina tausaya wa yayar Kawun_Yara domin na san wutar da ke cikinta, amma idan aka ce mai sayarwa zai biya tara ya fito, to kuɗin da ya tara daga jinin 'ya'yanmu ne zai fanshi kansa da su.

Dan_Fagge_Na_Asali: Allah ya jiƙan ɗanki Hajiya, ya ba ki haƙuri. Maganarki ita ce tawa. Ni a ganina a dawo da hukuncin kisa kawai ga dillalai, kowa ya huta. Ai Majalisar Dattawa ta amince da haka, ban san inda maganar ta maƙale ba.

Mai_Bibiyar_Majalisa: Bari in gyara wannan kaɗan. A watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa ga masu sarrafawa da masu safara, bayan Sanata Ali Ndume ya kawo shawarar, kuma Sanata Adams Oshiomhole ya nuna rashin amincewa da yadda aka yanke ƙuri'ar. Majalisar Wakilai ita ɗaurin rai-da-rai ta tsaya a kai, kuma da aka zo daidaita ƙudurorin biyu, ra'ayin Wakilai aka ɗauka. Bayan haka a watan Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya ƙi sa hannu, saboda wani sashe da ya ba hukumar damar riƙe wani kaso na dukiyar da aka ƙwace daga masu laifi. Hajiya Uwar_Marayu, ƙorafinki a kan tara shugaban hukumar, Janar Buba Marwa mai ritaya, ya sha yin irinsa a bainar jama'a, kuma cire zaɓin tara ga masu safara na cikin abin da hukumar ta nema a gyaran.

Dattijon_Gwammaja: 'Ya'yana, ku bar ni in tuna muku abin da wasunku ba a haife su ba aka yi shi. An taɓa gwada kisan a ƙasar nan. Gwamnatin soja ta Janar Buhari ta yi doka mai lamba 20 a 1984, kuma ranar 10 ga Afrilun 1985 aka harbe mutum uku a Legas saboda hodar iblis. Ina aiki a Legas a lokacin, kuma na tuna yadda gari ya yi tsit, har a motar haya mutane sai dai su yi magana ƙasa-ƙasa. Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne an mayar da dokar baya, ta kama laifin da aka aikata tun kafin a yi ta. Da Janar Babangida ya hau, ya soke kisan ya mayar da shi ɗauri, kuma shi ne daga baya ya kafa hukumar da muke magana a kanta. Ni dai ban ga fataucin ya tsaya ba bayan harbin, abin da na gani shi ne manyan sun ja da baya sun riƙa tura yara da mata suna haɗiye kayan. Tsarin mulkin 1999 ma ya hana a hukunta mutum da dokar da babu ita a ranar da ya aikata abu, kuma ina kyautata zaton abin da ya faru a 1985 na cikin abin da ya sa ake girmama wannan sashe.

Dan_Fagge_Na_Asali: Baba, na ji kuma na girmama shekarunka, amma Saudiyya da Singafo suna kisa, kuma ba ka ganin samari zube a bakin titi kamar yadda muke gani a nan.

Direban_Dogon_Zango: Tunda an zo maganar kisa, ku ji abin da ya same ni, sannan ku ce ko ya dace a kashe duk wanda aka sami kaya a hannunsa. Shekara goma sha takwas ina tuƙin motar haya tsakanin Kano da kudu, kuma duk direba ya san kuɗin saƙo shi ne na miyarsa. Wata rana a tasha wani mutum mai shiga ta kamala ya ba ni kwali biyu an naɗe da salatif, ya ce kayan gyaran babur ne, ya rubuta lambar wanda zai karɓa a jiki, ya biya ba tare da ciniki ba. Ɗan kamasho ya ɗora a but, muka kama hanya. A wani shingen bincike aka farke kwalin, saman kuwa sarƙar babur ce da tayoyin ciki, ƙasan duk katunan ƙwaya. Wallahi ƙafafuna sai da suka kasa ɗaukata. Abin da ya cece ni bayan ikon Allah shi ne jami'an sun sa na kira lambar a gabansu, na ce na iso, mutumin ya zo karɓa da ƙafarsa aka kama shi, sannan shugabannin tasharmu suka zo suka ba da shaida. Duk da haka na kwana goma sha ɗaya a tsare, motata ta fi wata biyu ba ta fita ba, kuma mai motar ya karɓe makullinsa. Tun daga ranar ba na karɓar saƙon da ba a buɗe a gabana ba, ko na surukina ne.

Baristan_Zaure: Labarin direba ya fito da muhimmancin kalmar "da saninsa" da na ambata a sama. Da wanda zai karɓi kayan ya kashe wayarsa, da sai direban ya sha wahalar gamsar da kotu cewa bai san abin da ke cikin kwalin ba, domin alƙali ba ya ganin zuciya, halin da aka kama mutum a ciki yake dubawa. Haka nan masu gidajen haya su sani cewa sashe na 12 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga wanda ya bari da saninsa ana ajiyewa ko sarrafa ƙwaya a wurin da yake kula da shi.

Alhaji_Mai_Ziyara: Ɗan Fagge ya kawo Saudiyya, to ku tuna da ɗalibar nan da ta tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Umara a watan Disambar 2018, aka kama ta a can saboda wata jaka mai ɗauke da Tramol da aka maƙala wa sunanta ba da saninta ba. Sai da bincike a nan gida ya gano gungun masu yin wannan aika-aika a filin jirgin, gwamnati ta shiga tsakani, sannan aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. A farkon watan Afrilun 2019 ɗin ne kuma Saudiyya ta zartar da hukuncin kisa a kan wata 'yar Najeriya saboda safarar ƙwaya. Da ba a gano gaskiyar lamarin ɗalibar da wuri ba, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare. Ni duk wanda zan raka filin jirgi ina gaya masa ya ƙirga jakunkunansa, ya duba adadin da aka rubuta a takardar kayansa, kuma kada ya karɓi ko ƙullin yaji daga wanda bai sani ba. Sannan mutane da yawa ba su san cewa dokarmu, tun daga dokar soja mai lamba 33 ta 1990, ta tanadi ƙarin shekara biyar ga ɗan Najeriyar da aka ɗaure a waje kan ƙwaya idan ya dawo, saboda ɓata sunan ƙasa.

Malamin_Lissafi: Ina ganin mun yi nisa da tambayar Kawun_Yara, domin yaron da yake magana a kansa ba mai safara ba ne. Ina so mu yi lissafi mai sauƙi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, miliyan 10.6 daga ciki wiwi suke sha, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A jihar Kano kaɗai an ƙiyasta sama da mutum miliyan ɗaya. Duk fursunonin da ke gidajen gyaran hali na ƙasar nan ba su kai dubu ɗari ba, kuma wajen kashi biyu cikin uku jiran shari'a suke yi. Idan aka ce za a aiwatar da sashe na 19 yadda aka rubuta shi a kan kowa, a ina za a zuba su? Dokar da ba za a iya aiwatar da ita a kan kowa ba, a kan marar galihu take sauka, shi ya sa ake kama na kango a bar na cikin mota mai baƙin gilashi.

Tubabbe_Alhamdulillah: Ni na taɓa shiga, don haka ba labari aka ba ni ba. An kama ni da wiwi ina ɗan shekara 24, na yi wata bakwai ina jiran shari'a, ranar da aka kai ni gaban alƙali na amsa laifi ya yanke mini shekara ɗaya daga ranar da aka kama ni. Gaskiyar da zan faɗa ita ce na shiga ban san komai ba sai wiwi, na fito na san sunan ƙwayoyin da ban taɓa ji ba da kuma lambobin waɗanda ke sayar da su. Ɗakin da aka ajiye mu idan za a kwanta sai kowa ya juya gefe ɗaya, kuma a nan na ga ana cinikin abin da aka kama ni saboda shi. Abin da ya raba ni da shaye-shaye wani ƙanen mahaifina ne da ya ɗauke ni ya kai ni asibitin masu taɓin hankali, aka kwantar da ni, bayan an sallame ni ya tsaya a kaina ina komawa ganin likita, ya kuma raba ni da unguwar gaba ɗaya. Yau shekarata shida ban taɓa ba. Sai dai tabon yana nan, domin duk takardar neman aikin da aka tambayi ko kotu ta taɓa samuna da laifi, hannuna yakan tsaya a wurin.

Uwar_Marayu: Allah ya ƙara tsare ka ɗana, ya saka wa baffanka da alheri. Ni ma ban ce a ɗaure mai sha shekara 15 ba, da ɗana na raye asibiti zan so a kai shi. Da masu sayarwa nake, kuma a kansu ban sauya ra'ayi ba.

Almajirin_Malam: Allah ya gafarta malaman da ke zauren, ina so in kawo yadda fiƙihu ya dubi lamarin, domin na ji wasu a gari suna cewa a kai irin waɗannan yara kotun Musulunci a yi musu bulala a sallame su. A mazhabar Malikiyya haddin mai shan giya bulala tamanin ne. Game da wiwi malamai sun saɓa: Ibn Taimiyya yana ganin hukuncinta ɗaya da na giya, shi kuwa Imam Ƙarafi, wanda babban malamin Malikiyya ne, ya sanya ta cikin abubuwan da ke ɓata hankali ba tare da irin mayen giya ba, don haka ya ce ta'aziri ne a kanta, wato horon da alƙali ya ga ya dace da mutumin da halinsa. Duka sun haɗu a kan haramci. Abin lura shi ne ko a ra'ayi mafi tsanani ba a ce a raba mashayi da iyalinsa shekara 15 ba. Amma kamar yadda Barista ya ce, laifin da aka shigar a ƙarƙashin dokar NDLEA kotun tarayya ce kaɗai ke sauraren sa, don haka ba zaɓin iyaye ba ne su ce ga inda suke so a kai shi.

Dan_Zangon_Kumasi: Gaisuwa daga Gana. Mu a nan an yi sabuwar doka a 2020, mai lamba 1019, wadda ta raba wanda ya riƙe don ya sha da wanda ya riƙe don ya sayar. Mai riƙewa don sha tara ake ci, sai idan ya kasa biya ne ake ɗaure shi, kuma ɗaurin bai wuce wata goma sha biyar ba, alhali a tsohuwar dokar shekaru ake yanke wa mutum. Ba zan ce ta magance matsalar ba, domin Tramol na nan a zangonninmu, kuma talakan da ba shi da kuɗin tara har yanzu gidan yari yake tafiya. Amma aƙalla alƙali ba ya buƙatar kauce wa rubutun doka kafin ya yi adalci.

Sadauki_Kurna: Na karanta cewa Fotugal ma tun 2001 ta daina kai mai riƙe da abin da bai wuce na shan kwana goma ba kotu, sai dai gaban wani kwamiti da ke tura shi wurin magani. Sai dai su suna da asibitocin da za su karɓi mutanen. Mu a arewa idan ka cire asibitocin masu taɓin hankali na tarayya na Barnawa da Kware da Maiduguri, da na Dawanau a Kano, da 'yan cibiyoyin hukumar, me ya rage? Rashin wurin kaiwa ne ya sa iyaye ke kai 'ya'yansu gidajen mari, kuma kowa ya ga abin da aka tarar a wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019, lokacin da aka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa.

Hajiya_Mai_Magani: Haka ne, kuma hani kaɗai ba ya kashe ƙishirwar mashayi. Da gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 bayan rahoton BBC, kwalbar ta yi tsada ƙwarai, sai yaran suka koma kan abin da ya fi araha, wasu ma suka koma haɗe-haɗen da ba mu san abin da ke ciki ba.

Kawun_Yara: Na gode ƙwarai da gaske, Allah ya bar zumunci. Na je da safiyar yau na gan shi. Hajiya, yadda kika faɗa haka na tarar, yana ta zufa yana riƙe da ciki, kuma na sanar da su. Katin mai 225 ne. Wani mutum ya tare ni a waje ya ce idan na kawo wasu kuɗi zai san yadda za a yi maganar ta mutu, ban dai ba shi amsa ba. Barista, yayata tana cewa gara ya amsa laifi a gama, ni kuma maganar Tubabbe a kan tabon da ke bin mutum ta tsaya mini a rai. Me ya kamata mu yi?

Baristan_Zaure: Malam, kada ka ba wannan mutumin ko sisi, domin ko dai ɗan damfara ne da ke kiwo a bakin ƙofa, ko kuma ya jefa ka cikin laifin ba da cin hanci, ka tashi daga mai neman ceto ka koma wanda ake tuhuma. Ka nemi lauya, idan babu hali ka je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, kyauta suke yi. Abu na farko da lauyan zai nema shi ne, tunda kayan kaɗan ne kuma alamu sun nuna mai sha ne, a tura shi sashen ba da shawara da gyaran hali na hukumar a maimakon kotu, domin suna yin haka ga masu sha da dama, kuma hakan ba ya barin tabon hukunci. Idan suka dage sai kotu, laifin ana ba da beli a kansa, kuma tsarin mulki ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya ko biyu gwargwadon nisan kotu, sai fa idan an karɓo umarnin tsarewa daga alƙali. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ba shi damar kada ya rubuta jawabi sai a gaban lauya ko wani da ya zaɓa, kuma sashe na 270 ya ba da damar a daidaita da masu ƙara kafin a amsa laifi. Kada ya amsa komai kafin lauya ya ga takardar tuhuma, domin akwai tazara mai nisa tsakanin a rubuta "ya mallaka" da a rubuta "yana sayarwa".

Tubabbe_Alhamdulillah: Barista ya fi ni sani, amma ni da na tsaya jayayya da na fi shekara ina jiran sakamakon gwaji da ɗage zama. Idan har ta kai ga kotu kuma belin ya gagara, amsawar ta fi sauri.

Malamin_Lissafi: Saurin nan ne ke sa marasa laifi ma suke amsawa, shi ya sa ban yarda a ba da ita a matsayin shawara ga kowa ba.

Kawun_Yara: Na ji duka ɓangarorin. Gobe da ƙarfe tara zan je ofishin agajin shari'a tare da ubangidansa na shagon ɗinki, wanda ya ce a shirye yake ya tsaya masa kuma zai ci gaba da riƙe shi a wurin aiki. Hajiya_Mai_Magani, idan Allah ya sa suka sake shi, shin asibitin Dawanau sai da takardar turawa daga wani likita ake zuwa, ko za mu iya kai shi kai tsaye?